Dokar Magungunan Kashe Zafi Da Ƙofar Da Aka Bar Wa Masu Ciwo Mai Tsanani

Yau zan yi magana a kan magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi, irin su mofin da kodin, da yadda wasu jihohin Amurka suka yi musu doka.

Waɗannan magunguna suna kama jiki. Wanda ya saba da su, da wuya ya rabu da su. A shekarar 2017 kaɗai, mutane fiye da 47,000 suka mutu a Amurka saboda shan irinsu fiye da kima, har da waɗanda ake sayarwa a ɓoye.

Don haka jihohi suka sa wa likitoci iyaka. A 2016 jihar Massachusetts ta hana a rubuta wa babban mutum fiye da na kwana 7 a karon farko. A 2018 jihar Florida ta ce na kwana 3, ko na kwana 7 idan likita ya ga ya zama dole.

Amma jihohin biyu sun bar ƙofa. Iyakar ba ta shafi mai ciwon daji ba, ko wanda ciwonsa ba zai warke ba, sai dai a sauƙaƙa masa wahala. Me ya sa? Wanda aka cire wa haƙori, zafinsa na 'yan kwanaki ne. Mai ciwon daji kuwa, dare da rana yake sha. A 2022 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fito fili ta ce shawarwarinta na taƙaitawa ba su shafi masu sikila ba.

Mu ma mun san wannan matsala, shi ya sa Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. To, ga roƙona. Kada mu sayi irin waɗannan magunguna a hannun 'yan talla. Kada mu ba maƙwabci ragowar namu. Amma idan likita ya rubuta wa majinyacinmu, kada tsoro ko kunya su sa mu hana shi. Mu ba shi daidai yadda aka ce, mu ɓoye maganin daga yara, kada kuma a daina farat ɗaya ba da sanin likita ba.