Aski da Tsabtar Jiki: Kowa da Rezarsa

 Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na Kurni, da na Matamai, da na Kance, da duk inda aka taru ana jin mu.

Darasinmu na yau a kan gashin hamata ne da gashin mara. Na san wasu za su sunkuyar da kai. Ku yi haƙuri. Matambayi ba ya ɓata, kuma kunya ba ta warkar da ciwo.

Me ya sa muke kawar da wannan gashi? Dalili biyu ne. Na farko addini. Malamanmu suna karantar da mu cewa abubuwa 5 suna cikin tsabtar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar: kaciya, aske gashin mara, tsige gashin hamata, rage gashin baki, da yanke farce. An kuma ce kada a wuce kwana 40 ba a yi ba. Na biyu lafiya. Ƙasarmu akwai zafi. Gashi yana riƙe zufa, ƙwayoyin da ido ba ya gani su zauna ciki, sai jiki ya yi wari. Ƙwarƙwata ma tana samun maɓoya.

Hanyoyin da aka fi sani guda 4 ne.

1. Aska ko reza. Ita ce ta fi sauri da araha, amma gashi yana dawowa cikin ƴan kwanaki. A jiƙa wurin da ruwan ɗumi, a sa sabulu ya yi kumfa. A bi inda gashi ya kwanta, kada a tayar da shi. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In an kankare shi ƙwarai, sai ya lanƙwasa ya koma cikin fata. Daga nan ƙurajen aski suke fitowa. Masu cewa aski yana ƙara wa gashi kauri sun yi kuskure. Bakinsa ne da aka yanke yake kaushi.

2. Almakashi. Ba ya kai wa ga fata, saboda haka ba ya kawo ƙuraje. Shi ya fi dacewa da mai ciwon sukari, don rauninsa ba ya saurin warkewa.

3. Tsigewa. Wasu da yatsa suke yi. Mata kuwa, musamman wajen gyaran amarya, suna amfani da halawa, wadda aka fi sani a Sudan da Cadi. Sukari ne da ruwan lemun tsami da ruwa, a dafa har ya yi danƙo. A bari ya huce, a manna, a fizge. Da zafi, amma da yake gashin daga saiwa yake fita, yakan yi mako 3 ko 4 bai dawo ba. Kada a manna da zafinsa. Kada mata biyu su yi da curi ɗaya.

4. Man cire gashi na kanti. Yana narkar da gashi. Abin da ke narkar da gashi kuwa yana iya ƙona fata. A gwada kaɗan a hannu, a jira kwana ɗaya. Kada a sa a kan rauni ko a cikin al'aura. Mintin da za a bar shi yana rubuce a jikin kwali. Ga amfanin karatu ke nan: ka duba agogo, ka duba lamba, kada ka ƙara.

Yanzu ga babbar magana. Ku saurara da kyau.

A wani ajin da na koyar akwai wani magidanci mai ƙoƙari. Wata rana ya daina zuwa. Da na je gaishe shi, na tarar idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura. An sha saiwoyi na shawara, ba sauƙi. Da aka kai shi asibiti a Damagaram aka auna jini, aka ce ciwon hanta ne, irin wanda likitoci ke kira B. Aka auna ƙannensa biyu, aka sami ɗaya da shi, alhali yana noma ƙalau. Likita ya tambaye su yadda suke aski. Ashe reza ɗaya suke da ita, soke a jikin zana. Wanda ya buƙata ya zaro.

Wannan ciwo yana bin jini. Uwa tana ba jariri wajen haihuwa, miji da mata suna ba juna, allura da aska da reza ma suna ɗauka. Ƙwayarsa tana iya yin kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba, ko da ɗigon bai kai ido ya gani ba. Mutum yakan yi shekaru da shi bai sani ba, yana cin hantarsa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a duniya, kuma ya kashe fiye da miliyan ɗaya a wannan shekara. Sida ma tana iya bin wannan hanya. Makero na kan yara shi ma aska tana yaɗa shi.

To, me za mu yi?

Kowa da rezarsa, ko wa da ƙane, ko uwa da ɗiya. In ta dakushe ko ta yi tsatsa, a jefa ta ramin masai, kada yara su tsinta.

In za ka wurin wanzami ran kasuwa, tafi da sabuwar reza, a buɗe ta a gabanka. Haka ranar suna, in za a yi wa jariri askin fari.

Wanzamai, iyayenmu, sana'arku gado ce, muna girmama ta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Goge aska a tafin hannu ko a tsumma ba ya kashe ƙwayar ciwo. A wanke ta da sabulu, a tafasa ta minti 20 kafin ta taɓa wani.

Mata, ku kai jarirai gidan likita. Tun shekarar 2008 rigakafin ciwon hanta yana cikin allurar yara a Nijar. Ana yi a mako na 6, da na 10, da na 14. Ku adana katin.

Malamai, ku rubuta waɗannan kalmomi a allo: aska, reza, hanta, jini, tsabta. Ɗalibai, ku amsa tambaya biyu a littafinku. Reza nawa ke gidanku? Mutum nawa ke aski da su? In lissafin bai yi daidai ba, ku gyara kafin ranar kasuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.