Ingilishi a Bakin Iyakar Konni

Tsakanin Birnin Konni na Nijar da Illela ta jihar Sakkwato 'yan kilomita ne kawai, amma ɗalibin da ya tsallaka iyakar yakan tarar Ingilishin da ya koya a aji bai kai shi ga yin hira ba.

A Nijar ana fara koyar da Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, kuma yana cikin jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Buƙatar Ingilishi ta ƙaru ke nan.

Ɗaliban Konni da Malbaza harsuna biyu ke jan su. Faransanci kan sa yaro ya ce "I have fifteen years", alhali masu harshen "I am fifteen" suke cewa. Hausa kuma kan sa shi ya ce "drink medicine", tunda Bahaushe shan magani yake yi, a Ingilishi kuwa "take medicine" ne daidai. Ga kuma rikicin "p" da "f" a baki.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Malami ya sa ɗalibai su rubuta jimloli kowane mako, su yi musaya, kowa ya duba na ɗan'uwansa. Manhajar waya tana kama kuskuren nahawu, amma ba kullum take gane manufar yaro ba, saboda haka malami ke da ta cewa. Fataken albasar Galmi masu zuwa Najeriya da Gana ma sun cancanci ajin yamma mai irin wannan tsari.