Sanƙarau a Jikin Kyanwa: Daga Kunne Zuwa Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san sanƙarau, ciwon nan na bazara da ya hallaka dubban mutane a Nijeriya cikin 1996. Amma ba kowa ya san kyanwa ma takan kamu da irinsa ba, ko da yake ba safai ba.

Ƙwaƙwalwa da laka suna lulluɓe da tantani hawa uku, ga kuma ƙashi yana tsaronsu. To, ta ina ƙwayoyin bakteriya ke samun ƙofa? Sau da yawa ta kunne ne. Ciwo yakan fara can ciki, in aka yi sakaci sai mugunya ta taru, ta ratsa har ƙwaƙwalwa. Wata ƙofar ita ce cizo. Idan muzurai suka kaure da faɗa, haƙori na iya huda ƙoƙon kai ya dasa ƙwayar Pasteurella, wadda da ma a bakin kyanwa take zaune. Wani lokaci kuma jini ne ke kwaso cutar daga wani miki.

Alamunsa su ne zazzaɓi, ƙin abinci, sanƙarewar wuya, karkata kai gefe guda, zagaye wuri ɗaya, tangaɗi, har da farfaɗiya. Likitan dabbobi yakan sa kyanwar barci, ya ɗebi ruwan laka da allura ya auna, a manyan asibitoci kuma a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar. Maganin kashe bakteriya kuwa makonni ake yi ana ba da shi. Wanda ya tsaya a rabi don ya ga sauƙi, sai ciwo ya komo.

Masu kyanwa su kiyaye abu biyu. Na farko, kada a ba ta farasitamol, domin ƙwaya guda tana iya kashe ta. Na biyu, alamun nan sun yi kama da na ciwon haukan kare, saboda haka a nisanta yara, wanda ta ciza kuma ya wanke wurin da sabulu ya garzaya asibiti. Amma ƙwayar annobar bazara a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, kyanwa ba ta da laifi a nan.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kyanwar da ke yawan susar kunne, ko kunnenta ke wari, ranar nan ya kamata likita ya gan ta.