Me Yaranmu Za Su Nuna Ranar Girmama Malamai?

Jawabin da aka yi da sunan malaman lakkwal a taron ƙungiya

Maigari, liman, shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, da ƴan'uwa waɗanda suka taso daga cikin Agadas domin wannan taro, muna gaishe ku, muna yi muku ban gajiya.

Kwamitin iyayen yara ya nemi mu kawo shawara a kan wasannin da ƴan lakkwal za su yi ranar da za a girmama malamai. Maganar tana da nauyi a bakinmu, domin mu ne malaman, kuma ba a san ango da yi wa kansa guɗa ba. Saboda haka abin da muka yarda shi ne mu faɗi abin da yara za su iya da abin da ya fi ƙarfinsu, tun da kullum muna tare da su. Shirin kuwa naku ne.

Mu fara da rana. Ranar malamai ta duniya ita ce 5 ga Oktoba. Hukumar UNESCO ta tsayar da ita a 1994, domin tunawa da wata takarda a kan haƙƙin malamai da aikinsu wadda aka amince da ita a birnin Paris a 1966. To amma a nan Nijar farkon Oktoba shi ne lokacin komawa lakkwal, a 2024 ma sai da aka ɗage komawar zuwa 28 ga wata saboda ambaliya. Yaron CI a wannan lokaci bai san ko sunan mushensa ba, wani ma kuka yake yi yana neman hanyar gida. Waɗansu iyaye ba su dawo daga Ingal da dabbobi ba, waɗansu suna ɗaurin kaya za su bi ayari. In aka ce lalle sai ranar, to manyan yara biyar ko shida za a sake fitowa da su, su maimaita abin da suka yi bara. Shawararmu ita ce ranar 5 ga Oktoba a yi gaisuwa da addu'a kurum, babban taro kuma a kai shi ƙarshen Disamba, gab da hutu. A yi shi da hantsi, sanyi ya saki, iska ba ta taso ba.

Mun san abin da aka saba. Mu ma da shi aka horar da mu a makarantar malamai: a zaɓi yaro mai kaifin kai, a ba shi resitasiyo ta faransanci, ya haddace labarin hankaka da dila na La Fontaine, ya tsaya ƙiƙam ya zubo shi kamar ana zazzage buhu. A yi tafi. Uwarsa tana zaune ba ta ji ko kalma ɗaya ba, shi kansa in ka tambaye shi me hankaka ya yar, sai ya dube ka. Ba mu ce a hana ba. A bar resitasiyo ɗaya, ta ƴan CM, da sharaɗin wanda ya yi ta zai juya ya faɗa wa jama'a ma'anarta da Hausa ko da Tamajak. Wanda ya iya wannan ya nuna aikin malaminsa fiye da wanda ya haddace goma.

Kada kuma wani ya ɗauka kawo harshen gida cikin wasan lakkwal sabon abu ne. Tun a shekarun 1930, ɗaliban makarantar William Ponty ta Senegal, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatun malanta, sukan tattaro labarai da waƙoƙin garuruwansu lokacin hutu su mai da su wasan kwaikwayo. A Damagaram aka buɗe lakkwal ta gwaji mai koyarwa da Hausa a 1973. Yazi Dogo da kowa ya sani a wasan kwaikwayo, malamin lakkwal ne. Yanzu kuma, tun Maris 2025, dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Ba mu da abin jin kunya.

To ƴan ƙanana, watau CI da CP, me za su yi? Abin da suke yi kullum a aji, amma a gaban iyayensu. Yara goma su jera, kowa da ƴan duwatsu a hannu, su ƙidaya daga ɗaya zuwa goma sau uku: da Hausa, da Tamajak, da faransanci. Wannan ya ce ɗaya, na kusa da shi ya ce iyan, na uku ya faɗa da faransanci, haka har a kai goma. Bayan su waɗansu su fito da allunansu a ƙirji, kowane allo da baƙi ɗaya da yaron ya rubuta da alli da hannunsa, in sun juya su gaba ɗaya a karanta MUN GODE. Ko baƙin ya karkace a bar shi, kada wani babba ya gyara. Muna kuma roƙon iyayenmu mata da suka iya tifinar su koya wa yara biyu ko uku rubuta tanemmert, su ma su ɗaga nasu allon. Mu da yawanmu ba mu iya ba, ranar sai mu zama ɗalibai. Duka wannan bai wuce minti biyar ba, kuma daidai ke nan, domin yaro mai shekara shida ba ya tsayuwa fiye da haka ba tare da ya fara jan rigar na kusa da shi ba.

Inda muke so a ba da ƙarfi shi ne wasan ayari, na ƴan CE. Babu yaron da bai ji labarin tafiyar Bilma a gidansu ba: wajen kilomita 600 cikin Tenere, a bi ta Fashi, a kai hatsi, a dawo da gishiri da dabino. Wasan yana cin yara da yawa, wannan shi ne amfaninsa na farko. Yara biyu su shiga ƙarƙashin tsohon bargo, ga raƙumi. Guda ya naɗa rawanin ubansa ya zama madugu. A yi kantun gishiri da kwali ko da laka. Yaron da ke jin kunyar magana a ba shi reshe ya tsaya tsakiyar fili, shi ne itacen Tenere, wanda mota ta kaɓe a 1973, yanzu gangar jikinsa tana gidan tarihi a Yamai. Ba zai ce kome ba, amma ayari duka sai ya ratsa ta gabansa, kuma uwarsa za ta gan shi.

In ayari ya sauka Bilma sai ciniki ya tashi, nan ne gishirin wasan yake. Mai gishiri ya faɗi kuɗi da dala, baƙo ya ce shi da faran ya sani. Rigima ta kaure, har a kira wata yarinya ƴar lakkwal ta ɗauki allo ta raba gardama: dala ɗaya faran 5, dala ashirin faran 100, jika ɗaya faran 1000. Ta lissafa kantu nawa, kuɗi nawa, wa ke bin wa. Madugu ya tambaye ta wa ya koya mata, ta nuna malaminta da hannu. Iyakar yabon ke nan, ba sai an ƙara da dogon kirari ba. Mun ce yarinya da gangan. Kun sani, mun sani, ƴan mata suna cika aji a CI, kafin a kai CM2 sai a ƙidaya su da yatsun hannu ɗaya. Uban da ya ga ƴarsa ta warware lissafin da ya gagari madugu, ko da cikin wasa ne, zai yi tunani kafin ya cire ta.

Akwai wasan da yara za su roƙa da kansu, watau kwaikwayon malamai. Sun iya mu sarai: yadda wane ke gyara murya, yadda wance ke buga tebur da rula. A Damagaram ana wasan kara, inda samari ke kwaikwayon manya har da masu mulki, kowa ya yi dariya a watse lafiya. Ba mu ƙi ba. Amma a tambayi malamin tukuna, kuma a kwaikwayi aiki, kada a taɓa halitta, ko tufafi, ko yadda mutum ke karya harshe. Dalili shi ne da yawa cikin malaman da ake turowa nan daga kudu suke, daga Maraɗi, Dosso ko Tawa, mafi yawa ƴan kwantaragi, nesa da iyalinsu, albashi kuma wani lokaci sai ya makara. Tun da aka sami zinariya a Jado a 2014, saurayin da ya iya karatu da lissafi yana da wata hanyar da zai bi in ya gaji da alli. Malamin da aka yi wa dariyar ƙeta a gaban gari, in ya tafi hutu ba lalle ya dawo ba, aji kuma ya zauna wata da watanni babu kowa. Wanda gari ya nuna ya san wahalarsa, shi yakan ƙara shekara.

Waƙa kuwa ta mata ce, ba za mu koya muku ba. Ƴan mata su ɗauki karin gaɗa wanda suka riga suka iya, iyaye mata su sa masa sababbin kalmomi da sunayen malamai, kowa da garin da ya fito. In za a sami turmi a ɗaura tende, madalla. Gidan da bai yarda ƴarsa ta yi rawa ba, ta tsaya cikin masu amshi da tafi, kada a tilasta, kada kuma a bar ta a baya. Samari za su ce sai sun yi rawar Biyanu da akanzam. Biyanu yana da watansa da masu shi, kayansa kuma da tsada, don haka wannan mun bar wa dattawa su yanke.

Kacici-kacici ba ya cin ko dala. Kowane yaro ya karɓo ɗaya daga wajen kakarsa, a zaɓi biyar, a jefa wa malamai a gaban jama'a. In mun kasa, a ci mu gari.

Wani abu da bai kamata a manta ba. Kafin yaro ya zo wurinmu, da bayan ya tashi, yana gaban malamin allo. A gayyace shi, a ba shi wuri a sahun gaba tare da mu, almajiransa su buɗe taro. Haka kuma ƴan CM su zaga wurin tsofaffi su tambayo sunayen malaman da suka taɓa koyarwa a garin nan tun daga na farko, su rubuta a kaye, yaro ɗaya ya karanta su a hankali. Waɗanda suka rasu a yi musu addu'a. Wannan kayen ya zauna a hannun ƙungiya, kowace shekara a ƙara.

Game da kuɗi, muna roƙo kada a aza wa yara ko dala ɗaya, kada a ce a ɗinka riguna iri ɗaya. Da zarar an yi haka, ɗan talaka zai ce ba shi da lafiya ranar. Kowa ya zo da tufafinsa wankakku. Kyauta ma ba mu nema ba. In ƙungiya tana da abin da za ta kashe, ɗakin da malamai baƙi ke kwana yana bukatar yaɓe da ƙyaure, randar lakkwal kuma ta tsage.

Gwaji kada ya ci lokacin karatu: minti goma sha biyar kafin tashi, sau uku a mako, sauran a gida wajen yayye da iyaye mata. Taron duka kada ya wuce awa ɗaya. In an gayyaci manya daga Agadas, a faɗa musu lokaci, in lokacin ya yi a fara, kada a shanya yara a rana ana jiran mota. Yara su zauna a inuwa, a ajiye ruwa kusa. Yaron da ya tsaya ya manta maganarsa, a yi masa tafi, yayansa ya matso ya raɗa masa. Babu tsawa, babu bulala, ko a fili ko bayan an koma gida.

Abin da ya rage shi ne a ba mu mata biyu da za su riƙe waƙa, da dattijo ɗaya wanda ya taɓa bin ayari ya zo ya gyara wa yara yadda ake ɗaurin kaya da yadda madugu ke magana, da saurayi ɗaya mai kula da fili da tabarmi. Muna so a sami sunayensu kafin a tashi daga nan, domin gwaji ya fara ranar Litinin mai zuwa, in Allah ya kai mu.