Lafiyar Zuciya a Wurin Aiki, da Makaranta, da Filin Wasa



Mu Hausawa mun raba mutane gida biyu game da hankali: ko dai mutum lafiyayye ne, ko kuwa a ce ya taɓu. Alhali tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne yawancinmu mu ke. Akwai malamin da ya kwana ba barci, ya wayi gari yana dukan yara ba bisa laifi ba. Akwai akawun da dā ya ke da fara'a, yanzu ko gaisuwa ba ya amsawa. A kan irin waɗannan zan yi magana, kuma zan ɗauki Zango ta ƙasar Daura ta zama abin misali.

Zango tana bakin iyaka da Jumhuriyar Nijar. Ma'aikacin kwastan ko na shige da fice da aka turo can, sau da yawa ya baro iyalinsa nesa. Malamin firamare a ƙauye yana fama da aji cike maƙil, ga tsadar abinci, ga dangi na jiran ƙarshen wata. Idan zuciyarsa ta ƙuntata, wa zai faɗa wa? Shugabansa shi ne mai rubuta rahoton da ƙarin girmansa ya rataya a kai. Saboda haka sai ya yi gum. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a tambayi aikin da ya fara lalacewa.

Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa gajiyar zuciya wadda nauyin aiki ke haifarwa abu ne da ya kamata a lura da shi. A 2022 kuma, ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa ana asarar ranakun aiki biliyan 12 kowace shekara saboda baƙin ciki mai tsanani da fargaba. A wasannin Olamfik na Tokyo, a 2021, Simone Biles ta Amurka, wadda ba ta da na biyu a wasan alkafura, ta janye daga wasu gasanni don ta kula da hankalinta. Idan gwana ta gaji, ina ga ɗan ƙwallon unguwa wanda ya karye, aka manta da shi?

To, kada wani ya ce wannan al'amarin Turawa ne. Ku dubi gayya. Manomi ba ya iya gama gonarsa shi kaɗai, sai a taru, a yi kiɗa, a yi raha, a ci tuwo tare. Aikin ya ƙare, zukata kuma su yi sanyi. Ku dubi damben kaka. Ɗan dambe ba ya shiga fage sai da rukuninsa, in an kashe shi kuwa, watau an kai shi ƙasa, 'yan'uwansa ne ke ɗaga shi, su ba shi baki. Kakanninmu sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya faru shi ne, mun shiga ofis da aji mun bar wannan hikima a bakin ƙofa.

Wani likita ɗan ƙasar nan ya tabbatar da ita a ilmance. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda ya riƙa saukar da masu ciwon hankali a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani, maimakon a kulle su. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin shi ne, jama'a ma magani ce.

Amma doka ta daɗe tana baya. Tun daga 1958 dokar da mu ke da ita ta tsare mahaukata ce kawai, sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali. A tsakani kuwa, a Disambar 2020, aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma yaron da ya kwana a daji ƙarƙashin bindiga, da malaminsa, suna bukatar wanda zai saurare su bayan an watse taron murna.

Me ya kamata a yi? Na farko, tun 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu. A ba shi ɗaki da lokaci, kada a cika shi da darussa har ya manta da aikinsa. Na biyu, kowace ma'aikata da kowace ƙungiyar wasa ta zaɓi mutum ɗaya mai riƙon asiri, a horar da shi sauraro. Wannan ba mafarki ba ne: a Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, aka kuwa ga amfaninsa. Na uku, abin da aka faɗa a ɗakin shawara kada ya shiga fayil. Ranar da ya shiga, ranar ce ɗakin ya mutu. Na huɗu, mai sauraro ya san iyakarsa: wanda ya daina ci da barci, ko ya faɗa shan ƙwaya, ko ya ambaci kashe kansa, a hanzarta kai shi ga likita, akwai asibitocin wannan fanni a Dawanau ta Kano, da Kaduna, da Kware ta Sakkwato.

Sai dai ina jan kunnen shugabanni. Lallashi ba ya maye gurbin albashi a kan kari, ko hutun da doka ta ba ma'aikaci. Wanda ya ɗora wa mutum kayan da ya fi ƙarfinsa, sa'an nan ya ce masa ya yi haƙuri, bai yi masa magani ba.

Ku kuma ɗalibai, gobe ku ne shugabannin makarantu da sakatarorin ƙananan hukumomi. Idan kun ga abokin aiki ya sāke, ku ja shi gefe ku tambaye shi, ku kuma tsaya ku ji amsa.