Kyauta Mai Ƙugiya: Lacca Ga 'Yan Kasuwa

Saƙo yakan shigo waya, wai waƙar kira kyauta ce har kwana bakwai. Ka danna, ka manta. Ran na takwas sai a soma yankar kuɗin katinka, mako mako, ba sallama. Mai tumatir ta wuni a rana, ribarta ta tafi ga waƙar da ita ba ta ma ji, sai mai kiranta!

To, kada ku yi shiru. A 2016 hukumar sadarwa, NCC, ta ba da lamba 2442: ku aika STOP, a daina turo muku talla. Wanda aka riga aka yanka ya kai kuka ga kamfanin. In sun yi kunnen uwar shegu, ya buga wa hukumar 622. Wannan kiran kam kyauta ne na gaske.