Wa Zai Biya Kuɗin Silin? Gidajen Haya da Tsadar Wuta a Gamboru

Shugaban taro, Lawanai da Bulamomi, iyayenmu masu gidaje, 'yan'uwa 'yan haya.

Tun Janairun 2021, da mahara suka kayar da turakun layin wutar Damaturu zuwa Maiduguri, mutumin unguwar Gamboru a Maiduguri ya koyi lissafin wuta. Da aka buɗe tashar wutar lantarki ta gas mai megawat 50 a Maris 2023 an ɗan sarara. Ƙarshen Mayun shekarar aka janye tallafin fetur, janareta ta gagari talaka.

Abin da ke rage wannan nauyi sananne ne: silin a ƙarƙashin kwano, taga ta biyu don iska ta ratsa, farin fenti a rufi, sola. To me ya hana a yi su a gidan haya? Mai biya daban, mai mora daban. Mai gida ba shi ke kwana a ɗakin ba a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, kuma ɗakinsa ba ya rasa mai so tunda rikici ya koro mutanen ƙauyuka cikin gari. Shi kuwa ɗan haya, in ya sa silin da kuɗinsa, shekara na zagayowa dillali zai leƙo ya ce ɗaki ya yi kyau, haya ta ƙaru. Kowannensu da hujjarsa, ban ga na zagi ba.

Sai batun mita ɗaya a gida mai ɗakuna barkatai, ana raba bil ɗin kamfanin wuta na YEDC daidai wa daida. Mai fanka ɗaya da mai firiji da hita kuɗinsu guda. Wa zai tashi ya kashe ƙwan fitila? A ba kowane ɗaki ƙaramar mitarsa, rigimar tsakar gida ma ta ragu.

A Ingila, tun 2018 doka ta hana bayar da sabuwar hayar gidan da ke ɓarnar makamashi fiye da ƙima. Mu ma muna da ƙa'idar gini ta tattalin makamashi tun 2017, amma wa ya taɓa ganin an bi ta a lungunan bayan Kasuwar Gamboru?

Abin da ke hannunmu takardar yarjejeniya ce tsakanin mai gida da ɗan haya, a gaban Bulama da shaidu. Gyaran da zai zauna a jikin gini, ɗan haya ya yi, a riƙa cire kuɗinsa daga haya, kuma kada a ƙara masa ko a tashe shi har ya fanshe. Sola da batir kuwa nasa ne, ranar tashi ya kwance abinsa.

Tun ambaliyar madatsar ruwan Alau ta 10 ga Satumba 2024 ake ta sake gini a unguwar nan. Masu gidaje, fasa taga ta biyu ta fi araha tun magini bai sauka daga kan bango ba.